Ga ƙanenmu mai tambaya kan albashin dubu 25

Assalamu alaikum. Ƙanena da ka ce ka kusa gama bautar ƙasa, an yi maka tayin koyarwa a makarantar kuɗi a kan dubu 25, kana tambaya ka karɓa ko ka jira aikin gwamnati, wallahi ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

Ka karɓa, amma ido buɗe. Mu yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata takwas, kafin mu gama hidima an cire tallafin mai, kuɗin adaidaita ya ninka. Duk inda ka kai takarda sai a ce ana neman mai gogewa, to a ina za ka goge in ba a ɗauke ka ba? A haka na faɗa hannun wani mai makaranta. Lissafi ni, kimiyya ni, in malamar Turanci ba ta zo ba ni ne dai. Albashi sai tsakiyar watan gaba, lokacin hutu ko sisi, ka makara da minti biyar a yanke maka. Duk na jure. Ranar da Hajiyarmu ta kwanta asibiti na je roƙon haƙƙina na wata biyu, ba bashi ba fa, gumina. Mutumin nan ya bar ni tsaye a gaban iyayen yara, ya jawo durowa ya nuna mini tarin takardun neman aiki, ya ce, "Malam, masu digiri irinka ga su nan jibge, in ka gaji ga hanya." Ko Allah ya ba ta lafiya bai ce ba. A satin nan ya sauya mota, kuma shi ne mai yi wa yara wa'azin amana kullum da safe! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ban yafe ba, na bar shi da Allah.

Saboda haka kafin ka fara, nemi wani tsohon malamin wurin a keɓe, ka tambaye shi yaushe ake biya, kuma ana biyan hutu ko a'a. A rubuta maka sharuɗɗan a takarda. Kada ka dogara da dokar mafi ƙarancin albashi ta dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma masu makarantu sun san da haka sarai.

Ku yanzu alawus ɗinku na bautar ƙasa dubu 77 ne, mu dubu 33 muka karɓa. Don Allah ka matse wani abu kafin ya tsaya. Abokina da abin da ya tara ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano koyon gyaran waya, muna ta yi masa dariya, yau shi ke ranta mini. Kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar ɗaukar aikin gwamnati, gudu, ko da ɗan unguwarku ne. Na san wadda aka sayar da filin gadonsu saboda haka, takardar bogi aka miƙo mata.

Af, wace unguwa makarantar take? Lissafa kuɗin motar zuwa da dawowa na wata tukuna. In ya haura rabin albashin, gara ka nemi yaran maƙwabta ka riƙa yi musu darasin yamma a gida, kana ci gaba da cike guraben aiki ta intanet.