Amsar Kawu: Kada Ka Daina Cewa "In Allah Ya Yarda"

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso. Ka ce wani ɗan'uwa a zumuntar ɗalibai ya yi maka tsiya don kana yawan cewa "in Allah ya yarda", wai al'adar maƙwabtanmu Musulmi ce muka ara, wai kuma mai faɗinta ya yarda ke nan mutum ba shi da zaɓi. Kana tambaya ko ka bari.

Kada ka bari. Buɗe masa wasiƙar Yakubu 4:13-15. Can aka tsawata wa fatake masu cewa gobe za mu gari kaza, mu shekara, mu ci riba. Aka ce su riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Ba fataucin aka hana su ba, ba kuma shirin ba, cika baki aka hana. Maƙwabta suna faɗa, mu ma muna faɗa. To, sai me?

Gardamar zaɓi kuwa ta girmi kakan kakanku. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya kara a kanta da Felajiyus, wani malami mai koyar da cewa mutum na iya zaɓar nagarta da ƙarfin kansa, har majalisar bishop-bishop a birnin Kartej ta ƙi koyarwar Felajiyus a shekara ta 418. Masanin nan Erasmus ya kare 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya, ya mayar masa da martani mai zafi a 1525. Ba a ɗakin kwanan ɗalibai za a raba wannan gardama ba.

Ni abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda aka rubuta Littafi Mai Tsarki kansa. Mun gaskata hurarre ne daga Allah, kamar yadda 2 Timoti 3:16 ta faɗa. Amma duba hannun mutane a ciki. Luka ya ce sai da ya bi diddigin labarin tun daga farko kafin ya rubuta. Wasiƙar Romawa, Bulus ne ya yi shifta, Tartiyus ya riƙe alƙalami, har ya saƙa gaisuwarsa a 16:22. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne 1 Korantiyawa 1:14-16. Bulus ya lissafa waɗanda ya yi wa baftisma, can ya tuna da iyalin Istifanas, sa'an nan ya ce sauran bai sani ba. Manzo guda, ga mantuwa! A wata wasiƙar har alkyabbarsa da ya bari a Taruwasa ya ce a taho masa da ita. Ruhu bai shafe halin kowa ba, duk da haka abin da Allah ya nufa shi aka rubuta. In hakan ya yiwu a kan takarda, me zai hana a rayuwarka?

Inda nake da ja shi ne wurin ta'aziyya. Direba ya san birkinsa ya lalace, ya kwashi mutane ya hallaka su, sai ka ji "haka Allah ya ƙaddara", shi ke nan an rufe magana. Yusufu bai yi haka ba. A Farawa 50:20 ya gaya wa 'yan'uwansa ido da ido cewa mugunta suka nufe shi da ita, Allah kuwa ya nufa alheri. Ya yafe musu, amma bai ce ba su yi ba. Masu makoki a ba su haƙuri, direban nan kuwa a tuhume shi.

Ka gaida ɗan'uwan naka, in ya ga dama ka zo da shi hutun Kirsimeti.