Tambaya da Amsa: Yaya za a ba da ɗan wasa, a kuma bi shi da ƙari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, bana ne ƙanena ya ja ni kallon ƙwallon kwandon NBA ta Amurka. A ƙwallon ƙafa wanda ya karɓi ɗan wasa shi ke biyan kuɗi. A nan kuwa sai na ji ƙungiya ta ba da ɗan wasa, ta haɗa da damarta ta zaɓen sabon yaro, ba ta karɓi abin kirki ba. Wane irin ciniki ne wannan? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ya ɗaure maka kai ya taɓa ɗaure mini, sai da na gane cewa a NBA wuri ake saye.

Tun kakar 1984-85 aka sa wa kowace ƙungiya iyakar albashin da za ta biya 'yan wasanta baki ɗaya. A kakar 2024-25 iyakar ta kai kusan dala miliyan 140.6. Kana iya haura ta idan naka ɗan wasan za ka sabunta wa kwantiragi, amma ba ka isa ka ɗauko babban tauraron da ya gama kwantiraginsa a wata ƙungiya ba sai kana da sarari a ƙarƙashinta, komai arzikin mai ƙungiyar. Ga shi kuma yawancin kwantiragin nan ba a fasa shi. Ka yi wa mutum alkawarin shekara huɗu, gwiwarsa ta lalace a shekara ta biyu, ko ka sallame shi albashinsa yana nan a lissafinka. Kaya ya yi maka nauyi kenan, kuma duk wanda zai ɗaukar maka sai ka biya shi kuɗin dako.

Kuɗin dakon shi ne damar zaɓen nan da ka ambata. Kowace shekara a watan Yuni ƙungiyoyi 30 suna zaɓen sababbin yara zagaye biyu. Waɗanda suka sha kashi a kakar su ke fara zaɓa, na farkon farko kuma da ƙuri'a ake fitar da su. Yaron da aka ɗauka a zagayen farko albashinsa a ƙayyade yake, mai sauƙi, har shekara huɗu, shi ya sa ƙungiyar da ke sake gini take son wannan dama kamar zinare.

Wani lokaci cinikin yana yin albarka. A 2013 Golden State Warriors ta tura Andris Biedrins da Richard Jefferson da Brandon Rush zuwa Utah Jazz, ta haɗa da zaɓen zagayen farko na 2014 da 2017, don ta sami wurin Andre Iguodala. Bayan shekara biyu ta ɗauki kofi, Iguodala ne gwarzon wasannin ƙarshe. New York Knicks kuwa sau biyu tana share ɗaki baƙon bai zo ba: a 2010 ta jira LeBron James ya wuce Miami, a 2019 ta rabu da Kristaps Porzingis tana sa ran Kevin Durant da Kyrie Irving, suka sauka a maƙwabciyarta Brooklyn.

Amma wanda nake so ka riƙe shi ne na Fabrairun 2011. Los Angeles Clippers ta gaji da biyan Baron Davis, wanda shekaru da rauni suka fara cin ƙarfinsa. Ta miƙa shi ga Cleveland Cavaliers, ta karɓi Mo Williams da Jamario Moon, ta ɗora zaɓenta na zagayen farko na wannan shekarar a kai. Kuskuren yana wuri ɗaya: ba ta gindaya sharaɗi ba. Doka ta yarda ka ce, idan ƙuri'a ta fito da wannan dama cikin ukun farko ko goman farko, tawa ce, sai baɗi in biya ka. Clippers ba ta faɗi haka ba. Da aka zo ƙuri'a a watan Mayu, damar da rabonta bai kai kashi uku cikin ɗari ba ita ta fito ta ɗaya. Cleveland ta ɗauki Kyrie Irving da ita, Baron Davis kuma kafin shekarar ta ƙare ta sallame shi.

Na kalli ƙarshen wannan labari da idona. Wasa na bakwai na ƙarshen kakar 2016, Cleveland da Golden State, cikin azumi ne, an fara wajen ƙarfe ɗaya na dare agogonmu. Ina zaune a tabarma na rage sautin talabijin saboda yara, uwargida tana ɗumamen tuwon sahur. Ci 89 da 89, saura daƙiƙa 53, Kyrie ya ja gefen dama, ya ɗaga ta saman hannun Stephen Curry na Golden State ya jefa mai maki uku. Cleveland ta ci 93 da 89, kofinta na farko. A wannan lokacin Clippers ce ta faɗo mini a rai. Ban ga laifinta na neman sauke kaya ba, amma ko da yaushe sakacin sharaɗin nan nake jin ciwonsa, domin jimla ɗaya ce a takarda.

TAMBAYA: Malam, Boston Celtics ta ci kofi a 2024. Me ya sa a 2025 ta rabu da Jrue Holiday da Porzingis? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Wannan ba wurin baƙo take nema ba, tarko take gudu. Sama da iyakar albashi akwai layin da in ƙungiya ta haura shi sai ta biya haraji, sama da shi kuma yarjejeniyar da NBA ta yi da 'yan wasa a 2023 ta ƙara shinge biyu. Wanda ya tsallake na biyun, kusan dala miliyan 207.8 a kakar 2025-26, ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya yi musaya da guda ɗaya ba, ba zai sa tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma za a ƙulle masa zaɓen zagayen farko na shekara ta bakwai nan gaba, ba damar sayar da shi. Tauraron Celtics, Jayson Tatum, ya tsinke jijiyar agara a Mayun 2025, a lokacin ana ganin zai daɗe yana jinya. Biyan wannan maƙudan haraji ba tare da shi ba bai da amfani, sai aka tura Holiday Portland, Porzingis kuma Atlanta.