Jumia, Jiji ko sitatus ɗin WhatsApp: a ina ya halatta in sa kayana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce a Kano, ina ɗan sayar da atamfa da leshi da mayafai daga gida, wasu kayan ina sarowa a Kantin Kwari in ajiye, wasu kuma hotonsu kawai wani mai shago yake turo min sai an yi oda inje in karɓo. Yanzu a sitatus nake sawa amma ciniki yayi ƙasa, ƙawayena wata tace in buɗe shago a Jumia ko Konga, wata tace Jiji yafi saboda basa cire komai, wata kuma tace wai kamashon da ake cirewa riba ne haramun ne. Dan Allah Malam wanne ya halatta kuma wanne yafi min?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa kasuwarki albarka 'yar'uwa, ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki shiga.

Asalin ciniki halal ne, Allah yace a Suratul Baƙara aya ta 275 ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma yin sa ta waya ko intanet bai canza wannan hukuncin ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1990 ta yanke cewa ciniki yana ƙulluwa ta kafofin sadarwa na zamani in an samu tayi da amincewa, sai dai ta ware abubuwa 3 da ba'a sake su haka kawai ba, ɗaurin aure saboda shaidu, canjin kuɗi da zinare saboda sharaɗin hannu da hannu, da salam, wato cinikin kayan da za'a kawo daga baya, saboda sharaɗin biyan kuɗi a gaba. To kinga ba sunan dandali ne zai sa abu ya zama halal ko haram ba, abinda za'a duba shine wane aiki dandalin yake miki, me kike biyansa a kai, kuma in kaya suka ɓata a hanya asarar waye.

Mu fara da Jumia da Konga tunda a nan ne ƙawarki ta kawo maganar riba. Duk biyun a Legas aka kafa su a 2012, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne ga ƙaramin ɗan kasuwa, kiyi rajista ki ɗora hoton kaya da farashi, in an yi oda ki naɗe ki kai wurin da suke karɓar kaya, su kai wa mai saye su karɓi kuɗin, daga baya su turo miki bayan sun cire kasonsu wanda yake bambanta gwargwadon nau'in kaya. Wannan a fiƙihu dillanci ne haɗe da wakilci, daidai da dillaliyar da take ɗaukar kayanki ta shiga gidaje ta sayar ta cire ladanta, bambancin dai ita kin san fuskarta. Riba ƙari ce a kan bashi, ko a musayar kayan riba irin su zinare da azurfa, su kuwa basu ranta miki ko sisi ba, aiki suka yi suka karɓi lada. Imamul Bukhari ya yi babi guda a kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan basu ga laifi a ciki ba, ya kuma kawo maganar Ibnu Abbas cewa babu laifi mutum yace sayar min da wannan tufar abinda ya ƙaru a kan kaza naka ne. Gaskiya ne akwai malaman da suka ƙi a sa lada ya zama kaso cikin ɗari, suka ce ladan ba sananne bane lokacin da ake ƙulla yarjejeniya, amma abinda nake gani yafi ƙarfi shine halacci, domin ke kika sa farashin da hannunki kuma kason a rubuce yake, lissafi ɗaya zai nuna miki nawa za'a cire, babu jahilcin da zai kai ga rigima. Sharaɗin kawai ki karanta ƙa'idojinsu kafin ki danna amincewa, har da kuɗin kai kaya da hukuncin kayan da aka dawo dasu, saboda Musulmi suna kan sharuɗɗansu, ba zaki yarda da ido rufe ba sannan ranar da aka cire kuɗi kice an zalunce ki.

Jiji kuma wani abu ne daban. An fara shi a 2014, shi asali wurin talla ne, ki sa hoto da lambar waya mai so ya kira ki ku daidaita tsakaninku. Sa talla kyauta ne, kuɗin da ake biya na a ɗaga tallarki sama ne na wasu kwanaki, wannan ijara ce, kin yi hayar wuri na lokaci sananne da kuɗi sananne, halal ce ko an sayi kayan ko ba'a saya ba. Haka hukuncin yake in kika biya Facebook ko Instagram su yaɗa miki talla. Shi kuwa sitatus ɗin WhatsApp da kasuwar Facebook ta kyauta babu ma wata yarjejeniyar kuɗi tsakaninki dasu balle a yi maganar hukuncinta. Amma fa ki lura, inda ba'a cire miki komai to babu mai tsaya miki, ke ce mai talla ke ce mai karɓar kuɗi ke ce mai neman direba a tasha, kuma ke kaɗai zaki fuskanci mai turo alat na bogi. Kada ki saki kaya sai kin buɗe akawun ɗinki kin ga kuɗin da idonki, hoton rasit ba kuɗi bane, kuma kiyaye dukiya wajibi ne ba rowa ko rashin yarda da mutane ba. In mai saye yace sai an haɗu, ki tura ƙaninki ko maigidanki su haɗu a wuri mai jama'a.

Yanzu ga inda nafi jin tsoro a tambayarki, kuma ba shi kika tambaya ba, wato kayan nan da hotonsu kawai kike dashi. Hakim ɗan Hizam ya zo wurin Annabi (SAW) yace mutum yana zuwa ya nemi in sayar masa da abinda babu a wurina sai inje kasuwa in sayo masa, Annabi yace kada ka sayar da abinda ba ya wurinka. Abu Dawud da Tirmizi da wasunsu sun ruwaito shi. Dubi yadda tambayar sahabin nan ta zo daidai da taki. Kin sa leshi a sitatus kin rubuta akwai, baiwar Allah ta turo kuɗi tana da biki ranar Asabar, kin je Kwari mai shago yace ai wannan kalar ta ƙare jiya, daga nan sai a fara kame-kame, a turo mata wata kalar ace ai kusan ɗaya ne, ko a riƙe mata kuɗi sati biyu ana cewa kaya na hanya, zumunci nawa ne ya lalace ta wannan ƙofar. Kuma a manyan dandamali abin yafi muni domin can oda tana shigowa ne an riga an ƙulla, babu damar kice bari in duba.

Mafita tana nan har guda uku kuma babu mai wahala. Wadda nafi so miki ita ce kije ku yi magana da mai shagon ya naɗa ki wakiliyarsa a fili, yace sayar min da waɗannan a kan kaza abinda kika ɗora naki ne, ko ladanki kaza a kan kowane turmi, to a nan kina sayar da kayan da suke hannun mai su da izininsa, sai dai ki riƙa tabbatarwa kayan suna nan kafin ki karɓi kuɗi. Ko kuma ki mayar da maganar alkawari, kice wa kwastoma bani dashi a hannu amma zan nemo, in na samo sai mu yi ciniki, kije ki saya ya shigo hannunki sannan ki sayar mata, kuma tana da damar fasawa kafin nan. Ta ukun ita ce salam, ki sayar da abu da siffa ba wani takamaimai ba, yadi kaza na kamfani kaza kala kaza, ta biya kuɗin duka a gaba, ku sa ranar kawowa sananniya, kamar yadda hadisin Ibnu Abbas a Bukhari da Muslim ya zo da awo sananne da lokaci sananne. A salam samo kayan nauyinki ne ko farashi ya tashi. Abinda bai halatta ba shine a ƙulla ciniki kayan babu a hannunki kuɗin ma ace sai an kawo za'a biya, ya zama bashi da bashi kenan.

Su kuwa kayan da suke ɗakinki, sayar dasu ta hoto babu laifi. Malamanmu Malikawa sun halatta sayar da abinda ba ya wurin ciniki bisa siffa, yana nan a Risala ta Ibnu Abi Zaid da muka karanta a zaure, in kaya suka zo yadda aka siffanta ciniki ya tabbata, in suka saɓa mai saye tana da haƙƙin mayarwa ko da kin rubuta ba'a dawo da kaya. Saboda haka hoton nan amana ne. Annabi (SAW) ya sa hannu a tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, mai shi yace ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi yace me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare dani, Muslim ne ya ruwaito. Gyara hoto har kala ta canza, ɗauko hoton mai tsada a turo mai arha, kiran atamfa da sunan kamfanin da ba shi ya yi ta ba, duk algus ne. Haka sa 'yan'uwa su rubuta yabon kayan da basu taɓa saya ba don taurarinki su ƙaru, wannan shaidar zur ce kuma ɗan'uwan najashi ne da aka hana, wato mutum ya ƙara wa kaya farashi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi mai saye, ki nisance shi ko da kowa yana yi.

In kaya suka ɓata a mota kafin su isa, asali asararki ce domin basu shiga hannun mai saye ba, sai in ita ta turo direbanta ko tace ki ba wane, to karɓarsa karɓarta ce. Ku riƙa faɗin wannan a rubuce kafin a kai kaya tasha. Abu biyu kuma ki kiyaye, in wani dandali ko manhajar banki ta yi miki tayin rancen jari da ƙari to wannan ita ce ribar ta gaske ki barta, sannan kada ki fara sayar da zinare ta oda ana biya daga baya, hukuncinsa daban ne sai kin sake tambaya.

Game da wanne yafi miki, dukkansu halal ne da sharuɗɗan da na faɗa. Shawarata kayan da kika mallaka kuma ribarsu zata ɗauki kamasho da kuɗin kaiwa, ki gwada su a babban dandali da kaɗan, ki yi lissafi da biro kafin ki sa farashi domin kuɗinki zai ɗan jima kafin ya dawo kuma mai ƙaramin jari jira yana karya shi. Kayan hoto kuwa kada ki kai su can ko kaɗan, ki bar su a sitatus da Jiji inda zaki iya cewa bari in tabbatar tukuna, kuma kafin ki sake ɗora ko ɗaya ki daidaita maganar wakilci da mai shagon nan.

Wallahu a'alam.