Kaza da Sos ɗin Mangwaro Bayan an Taso Aiki: Amsoshin Wasiƙunku

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan makon sun taru ne a kan girkin kaza na dare wanda ba ya cin lokaci, musamman irin wanda ake haɗa wa sos da 'ya'yan itace da ɗanyen ganye mai ƙamshi. Ga amsoshin waɗanda na zaɓa daga ciki.

Tambaya: Anti, ni amarya ce, kuma ina koyarwa a wata makaranta a Kaduna, ba na isa gida sai dab da magariba. Maigidana bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni kaina na gaji da jar miya kullum. Na ci kaza da sos ɗin mangwaro a gidan wata ƙawata, ina so in gwada, sai dai ina tsoron in ɓata kaza a wannan tsadar, in kuma ji kunya. Wace kaza zan saya, kuma yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, domin wannan girki ya fi jar miyar da kike yi sauƙi, ba shi da markaɗe, ba shi da doguwar suyar tumatir. Ki sayi cinyoyi huɗu na kazar gidan gona. Babu musu kazar Hausa ta fi daɗi, amma ba ta laushi sai ta daɗe a wuta, haka ma tsofaffin kajin ƙwai, don haka ki bar su sai ranar Asabar da za ki yi farfesu. Na ce cinya ne saboda tana da ɗan kitse, ko kin ɗan wuce lokaci ba za ta bushe ba, saɓanin tsokar ƙirji wadda minti kaɗan ke busar da ita ƙayau.

Ki tsaga kowace cinya sau biyu har wuƙa ta taɓa ƙashi, ki shafe ta da gishiri, daskakkiyar tafarnuwa, ɗanyar citta, masoro da ruwan lemon tsami, sannan ki rufe ki je ki yi sallar magariba. Idan kin dawo sai ki ɗora shinkafa a wuta ɗaya, a ɗayar kuma ki ɗora kasko da mai cokali biyu. Idan man ya yi zafi ki jera cinyoyin, ɓangaren fata a ƙasa, kada ki motsa su har kamar minti bakwai, sai fatar ta yi ja ta saki kaskon da kanta. Ki juya su, ki rage wuta, ki zuba ruwa kaɗan ki rufe na tsawon minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kafin ki sauke ki soki mafi kaurin cinyar daidai kusa da ƙashi. Idan ruwan da ya fito fari ne tas, babu alamar jini, to ta nuna. Wadda ke da ma'aunin zafin nama ta tabbatar ya kai digiri 75 a ma'aunin Salshiyas.

Ki kwashe kazar, kada ki wanke kaskon, domin abin da ya manne a gindinsa shi ne rabin daɗin sos ɗin. Ki soya yankakkiyar albasa da attaruhu ɗaya a ciki, ki kawo nunannen mangwaro biyu marasa zare, ki murje ɗaya ki zuba da ruwa rabin kofi, ya tafasa na minti biyar, sannan ki yanka ɗayan ƙanana ki zuba. Ki ɗanɗana. Idan zaƙi ne kawai ya daki harshenki, ki ƙara gishiri da lemon tsami har sai tsami da yaji sun tare zaƙin. Sai kin kashe wuta ne za ki watsa yankakken ganyen na'a-na'a ko ɗoɗɗoya da ɗan lawashi, saboda idan suka tafasa ƙamshinsu yana gudu, su kuma yi baƙi. Gaba ɗaya ba zai wuce minti arba'in ba. A karon farko ki zuba sos ɗin a ƙaramin kwano a gefe, kada ki kwarara shi a kan kazar, domin ba kowane namiji ne ya saba da zaƙi a nama ba, gara maigidan ya ɗiba da kansa.

Tambaya: Hajiya, na ga kwalaben sos ɗin mangwaro na ƙasar waje a wani babban kanti. Ba zai fi sauƙi in saya wa iyalina ba? Daga wani magidanci a Abuja.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi, amma ka juya kwalbar ka karanta jerin abin da ke ciki, za ka tarar sukari yana sahun gaba a yawancinsu. Kuɗin kwalba ɗaya zai saya maka tulin mangwaro da ganye har da canji, kuma da zarar an buɗe ta sai an ajiye a firji, kai kuwa ka san halin wutarmu. Idan lallai sai ka saya, ka duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar rajistar NAFDAC, kuma kada ka karɓi kwalbar da murfinta ya kumbura.

Tambaya: Anti, na sayi mangwaro jawur mai ban sha'awa a bakin titi, amma da na yanka sai na tarar cikinsa fari ne, da tauri da tsami, ba ƙamshi ko kaɗan. Sos ɗin bai ciwu ba, kuma ƙaramin ɗana da ya sha ɗaya ya kwana yana kukan ciki. Laifin girkina ne? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: 'Yar uwa, sannu, Allah ya ba yaron lafiya, kuma idan ciwon cikin ya zo da amai ko gudawar da ba ta tsaya ba, ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Girkinki ba shi da laifi. Daga nesa ba zan yanke hukunci a kan abin da ya taɓa cikin yaron ba, amma siffar da kika bayar ta mangwaron ta yi daidai da wanda aka tsinko tun bai ƙosa ba aka tilasta masa nuna da sinadari, kuma a kan wannan al'amari zan tsaya, domin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sinadarin da ake amfani da shi sunansa kabayid, shi ne wannan farin dutse mai wari da masu walda ke jiƙawa don samar da iskar da suke hura wuta da ita. Wasu dillalai suna ƙunshe shi a takarda su cusa a cikin buhu ko kwandon mangwaro, ayaba ko gwanda, su rufe. Idan ya haɗu da danshi sai ya fitar da iskar asitilin, wadda ke sa fatar ɗan itacen ta canza launi cikin kwana ɗaya ko biyu. Launin ne kawai ke zuwa da sauri, zaƙi da ƙamshi ba sa biyo shi, saboda abin da aka tsinko tun yana ɗanye sharaf bai tara abin da zai zama sukari ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne kabayid ɗin kasuwa yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa irin su asinik da fosfaras, waɗanda ke iya jawo ƙaiƙayin baki da maƙogwaro, ciwon kai, jiri, amai da gudawa. Hukumar NAFDAC ta haramta amfani da shi wajen nunar da 'ya'yan itace, kuma ta sha yin gargaɗi cewa yawan cin irin waɗannan kaya yana iya taɓa ƙoda da hanta. Kada wata ta ce ai dafawa za a yi, domin tafasa ba ta kashe asinik.

Ba dukkan 'yan kasuwa ne ke yin haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a kasuwar 'Yan Lemo da sauran kasuwanninmu. Amma dole in faɗa mana gaskiya mu masu saye, domin da hannunmu a ciki. Da ido muke sayayya. Mace za ta tsallake tiren da ke da mangwaro mai ɗan kore da tabo, wanda ƙamshinsa ke tashi tun daga nesa, ta tsaya a kan wanda ya yi rawaya sumul kamar an shafa masa fenti, ta biya ba tare da ta ɗauka ta sansana ba. Muna neman mangwaro tun kafin bazara ta kankama, muna son ayaba mai launi ɗaya daga sama har ƙasa, sannan muna son a rage mana kuɗi. Dillalin da ya ga abin da ke shiga kasuwa, shi zai ci gaba da kawowa. Na sha ganin matan da ke ɓata rabin sa'a suna zaɓen atamfa, suna duba bakin zane suna gogawa don gane jabu, amma abin da zai shiga cikin 'ya'yansu ko minti ɗaya ba ya samu.

Ga abin da za ki riƙa yi. Ki ɗauki mangwaron ki sansana gindinsa, wajen da aka tsinke shi. Wanda ya nuna da kansa yana da ƙamshi, kuma idan kin ɗan danna shi da yatsa zai ba da kai kaɗan. Ki guji wanda ya yi rawaya gaba ɗaya alhali yana da tauri, ko wanda ke da burbushin farar hoda ko tabon ƙuna a fatarsa. Ayabar da ta yi rawaya tas amma karan da ke riƙe da ita kore ne shar, ita ma abin zargi ce. Ki ce wa mai kayan ya yanka miki ɗaya a gabanki, ko da za ki biya kuɗinsa. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan. Mafi aminci kuma shi ne ki sayi ƙosasshe wanda bai gama nuna ba, ki naɗe shi a takarda tare da nunanniyar ayaba ɗaya ki ajiye a lungun ɗaki, cikin 'yan kwanaki zai nuna lafiya lau. Kowane iri kika saya, ki wanke shi sosai ki fere kafin ki ba yara. Idan kuwa lokacin mangwaro ya wuce, ki haƙura da shi. Da hunturu lemon zaƙi yana cika kasuwa, ruwansa da ɗanyar citta da na'a-na'a suna yin sos mai kyau, tsamiya da dabino kuwa ba sa yankewa duk shekara, kuma babu mai buƙatar tilasta musu nuna.

Tambaya: Na jiƙa kaza a markaɗaɗɗiyar abarba tun dare, da na soya washegari sai ta dagargaje ta zama kamar dame. Me ya faru? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ɗanyar abarba tana da wani sinadari na halitta da ke narkar da nama, haka ma gwanda. Kazar gidan gona kada ta wuce minti ashirin zuwa talatin a ciki. Mafi kyau ki dafa abarbar a sos, domin zafi yana kashe ƙarfin sinadarin. Kuma sos mai tsami, na abarba ne ko na tsamiya, kada ki bar shi ya kwana a tukunyar dalma, yana ɗaukar ɗanɗanon ƙarfe.

Tambaya: Idan ba ni da mangwaro, zan iya zuba lemon kwalba ko garin lemo na leda mai ɗanɗanon mangwaro?

Amsa: A'a. Ruwan sukari ne da kala da turare, babu ɗan itace a ciki, zai ƙone a kasko ya ɓata miki kaza mai tsada. Ban ga dalilin da zai sa wadda ta iya sayen kaza ta kasa sayen tsamiyar da ke kowane teburin unguwa ba. Don Allah a riƙa tunani kafin a rubuto.

Tambaya: Anti, akwai mai kawo mana daskararriyar kaza ta kwali a unguwa da rahusa sosai. Ina da yara biyar, albashin bai kai ba, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Sannan idan abinci ya rage kuma babu wuta, zan iya ajiye shi zuwa safe? Daga wata ma'aikaciya a Sakkwato.

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya rufa asiri, na san nauyin da ke kanki, kuma zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Daskararrun kaji na ƙasar waje suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya, jami'an kwastam suna kama su suna lalatawa. Wadda ta kuɓuce ta barauniyar hanya ta zo, babu mai tabbatar miki sau nawa ta narke a mota aka sake daskarar da ita, balle yadda aka yanka ta. Araha ba ta ado. Akwai daskararrun kaji na gonakin cikin gida masu suna da adireshi a jikin leda, waɗannan babu laifi, sai dai ki duba: idan kin ga jini ya daskare a gindin ledar, ko ƙanƙara ta taru a ciki, ko naman yana yauƙi bayan ya narke, ki bar shi. A ganina gara ku haɗa kuɗi da maƙwabciyarki ku sayi mai rai guda ɗaya a wajen 'yan kaji, a yanka a fige a gabanku ku raba, domin idan aka yanka rabin kaza ƙanana aka zuba cikin sos mai yawa, za ta zagaya yara biyar a kan shinkafa.

Batun ragowa kuwa, dafaffiyar kaza ba ta wuce sa'a biyu a waje ba tare da sanyi ba, a zafin Sakkwato na bazara ma sa'a ɗaya ce, kuma sos mai ɗanyen ganye ya fi saurin lalacewa. Idan ba ki da tabbacin wuta, ki dafa daidai cikin gidan, abin da ya rage kuma ki miƙa wa maƙwabta ko almajiri tun da ɗuminsa a daren.