Hangen dala ba shiga birni ba: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Minesota

Ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, na kuma ga "Yaya ka yi shiru" guda uku da ka biyo da su. Ba shiru na yi ba, barci nake. Lokacin da kake karyawa da ƙarfe takwas a Kano, nan ƙarfe biyun dare ne. Awa shida ke tsakaninmu yanzu, in Nuwamba ta kama ta koma bakwai. Ka soma sabawa da wannan lissafi, don kai ma nan gaba haka Hajiya za ta riƙa tashinka.

Barka da arziki, Allah Ya sanya albarka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan jihar Minesota ta Amurka, biza ta fito, sashenku ya ba ka aikin taimaka wa malami wanda zai ɗauke maka kuɗin makaranta ya kuma ba ka ɗan albashi. Ka ce da dala 600 za ka taho, wai wani abokinka da ke Hustan zai tarbe ka a filin jirgi, sannan kana tambayata nawa za ka iya turawa gida duk wata. Kai ne na huɗu da ya yi mini irin wannan tambaya a bana, shi ya sa zan amsa a fili, mai buƙata ya ɗauka.

Bari in soma da abokin naka. Daga Hustan ta jihar Tekzas zuwa Miniyafolis, birni mafi girma a Minesota, kusan kilomita 1,900 ne a mota, wato Kano zuwa Legas kusan sau biyu. Na sani don na tuƙa hanyar da kaina a watan Agustan 2018, cikin wata tsohuwar Corolla da na cika da tukwane da littattafai: na bi ta Dalas, na ratsa Oklahoma da Kansas da Ayowa, kwana biyu ina tafiya. Abokinka ba zai zo ba, kuma ba laifinsa ba ne.

A lokacin na gama digiri na biyu a Tekzas, na shekara biyu a ƙasar nan, ina ji da kaina cewa na san Amurka. Ashe Tekzas na sani. Kowace jiha a nan da dokarta, da harajinta, da lasisin tuƙinta, da halin mutanenta. Tekzas ba ta cire harajin jiha daga albashi, Minesota tana cirewa, ga na tarayya a kai. Takardar albashina ta farko sai da na karanta ta sau uku ina neman inda aka yi kuskure. Babu kuskure. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka irin wadda wasu ƙasashe ke da ita, don haka ɗan Sin da ke teburin kusa da kai zai iya samun rangwamen da kai ba za ka samu ba, alhali aikinku ɗaya. Lasisina na Tekzas ma, da na je a canja mini shi, sai da na sake zana jarrabawar dokokin hanya kamar sabon ɗan koyo.

Yanzu maganar dala 600. Ka riga ka biya 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, da 185 na biza, ga kuɗin jirgi, na san gida an matsu. Amma gaskiya ɗaya ce, kuɗin nan ba za su kai ka ba. Abin da ke karya sabon ɗalibi shi ne makonnin da ke tsakanin saukarsa da albashinsa na farko. Ba ranar da ka sauka ake soma biyanka ba. Sai ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje sun tabbatar ka iso, ka yi rajistar darussa, ka cika takardun ɗaukar aiki, ka buɗe asusun banki, ka nemi lambar SSN, wato lambar shaida ta aiki da haraji, wadda katinta kan ɗauki makonni kafin ya zo ta gidan waya. Kuma a nan aikin da ka riga ka yi ake biya. Kafin kuɗin farko su shigo an ci rabin Satumba ko fiye. A cikin wannan tsakani mai gida yana son hayar wata ɗaya da kuɗin ajiya, wanda sau da yawa daidai yake da hayar wata. Ga layin waya, ga katifa, ga abinci. Sannan ka sake karanta takardar da sashe ya aiko maka da kyau: kuɗin karatu aka yafe, amma akwai ƙananan kuɗaɗen ɗalibai na kowane zango da wani kaso na inshorar lafiya waɗanda galibi daga aljihunka za su fito. Ka rubuta wa sakatariyar sashe yau ka tambaye ta abu biyu, ranar albashin farko da jimillar abin da za ka biya da kanka. Ba rashin kunya ba ne, a nan wanda bai tambaya ba ɗauka ake ya sani. In da hali, ka zo da abin da zai riƙe ka wata biyu cur ba tare da ka jira kowa ba.

Gida kuwa, nan ne aka cuce ni, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Na ga tallar ɗaki mai arha a intanet tun ina Tekzas, na yi magana da mai gidan, na tura kuɗin ajiya. Ɗakin yana nan, ba damfara ba ce irin wadda ake yi wa wasu. Abin da bai faɗa mini ba, ni ma ban san in tambaya ba, shi ne kuɗin ɗumama gida ba ya cikin haya. Tsohon gida ne na katako, tagoginsa suna shigar da iska kamar zana. A Agusta wa zai lura? Da Disamba ta zo, takardar gas ta kusa cinye mini kuɗin cefanen wata. Na je na same shi, ya ɗauko yarjejeniyar da na sa wa hannu ya nuna mini layin da yatsa, yana murmushi. Wata 12 na sa hannu, babu fita. Na manna leda a tagogi, ina kwana da hula da safa biyu. Saboda haka kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka sa wani ya je ya ga ɗakin da idonsa, ka tambayi wa ke biyan ɗumi, ka duba ko bas ko jirgin ƙasa na cikin gari yana bi ta wurin. Za su kuma nemi tarihin bashinka, abin da a nan ake auna mutum da shi, kai kuwa ba ka da shi. Wanda bai taɓa cin bashi ba a gida mutumin kirki ne, a nan baƙo ne da ba a yarda da shi ba. Mafi sauƙi shekarar farko ka shiga gidan da wasu ɗalibai suka riga suka kama, ka karɓi ɗaki ɗaya.

Ka ce ka yi hidimar ƙasa a Jos, ka san sanyi. Na yi dariya har abokiyar zamana ta tambaye ni lafiya.

Ranar 30 ga Janairun 2019, hunturuna na farko, ma'auni ya sauka zuwa 28 ƙasa da sifili a Faranhait, wajen 33 ƙasa da sifili ke nan a ma'aunin da muka saba da shi. An rufe makarantu, masu raba wasiƙu ma ba su fita ba. Ni da taurin kai na yi alwala na fito zan duba mota, gemuna da sauran danshi. Taku goma ban yi ba na ji fuskata ta ɗaure. Na kai hannu, gemu ya zama kamar tsintsiyar kwakwa, gashin hancina yana manne wa juna duk numfashi, hawayen da iska ta fitar ya daskare a gashin ido. A gida cewa muke in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. A nan kada ka kuskura. Na murɗa makulli, Corolla ta yi wani ɗan tari sau ɗaya ta yi shiru. Batirin Tekzas ne, bai taɓa ganin irin wannan ba. Kafin nan ma an taɓa janye ta, don ban san in dusar ƙanƙara ta yi yawa birni kan yi shelar a kwashe motoci daga wasu tituna don a share ba. Na fito da safe na tarar da wurin fayau, na ɗauka ɓarayi ne. Kuɗin fansarta ya fi na takalmin sanyin da nake ta jinkirin saye.

Kada ka sayi rigar sanyi a Kantin Kwari ko Sabon Gari, nauyin kaya kawai za ka ƙara. Ka zo ka saya a nan cikin Oktoba, ko a shagunan gwanjo. Abu ɗaya da jihar nan ta yi wa talaka shi ne ba ta ɗora harajin saye a kan tufafi. Takalmi mai kyau ya fi riga muhimmanci.

Amma sanyi ana sabawa da shi. Abin da ban saba da shi ba har yau shi ne duhu. A Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi. Ka yi Azahar, kafin ka gama darasi ɗaya La'asar ta shiga, ka fito an yi Magariba. Ka shiga ɗakin gwaji da duhu ka fito da duhu. Akwai makon da na lissafa, ban yi magana da kowa da Hausa ba sai a waya, ban kuma ji wanda ya tambaye ni ya gajiya ba. Mutanen nan suna da fara'a, za su riƙe maka ƙofa, su tura maka mota in ta maƙale a ƙanƙara, amma shekara uku kuna ofis ɗaya da mutum ba ka san ƙofar gidansa ba. Ni da na taso a gidan da ba a rufe zaure, abin ya taɓa ni fiye da yadda na faɗa wa kowa a lokacin. Likita ya auna jinina ya ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, abin da ke yawan samun masu baƙar fata a inda rana ta yi ƙaranci. In ka ji kasala da baƙin ciki marar dalili sun dame ka, ka je asibitin makaranta, ka riga ka biya kuɗinsa.

Ta fuskar addini da abinci kam ka yi sa'ar jiha. Babu inda Somaliyawa suka fi yawa a Amurka kamar Minesota. Unguwar Cedar-Riverside cike take da su, da masallatai da mahauta. Naman akuya na halal, har na raƙumi, za ka samu. Tun 2023 birnin Miniyafolis ya amince a yi kiran salla da lasifika a dukkan lokuta biyar. Ranar da na soma jin kiran salla a titi, dusar ƙanƙara tana narkewa a gefen hanya, tsayawa na yi kawai. Garin rogo da manja da doya kuma suna shagunan 'yan Afirka ta Yamma a Brooklyn Park. Hausawa dai ba mu da yawa, kada ka sa ran zango.

Aikin da aka ba ka, ka riƙe shi da hannu biyu, don shi ne kuɗin makarantarka, shi ne abincinka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: za ka duba takardun yara sama da hamsin a mako alhali naka karatun yana jiranka, kuma in matsakaicin makinka ya faɗi ƙasa da 3.0 cikin 4.0 aikin kansa yana cikin haɗari. Zangona na farko wasu ɗalibai suka rubuta cewa ba sa gane Turancina. Ni da na yi ta cin gasar muhawara tun sakandare! Na ji zafi, amma na rage sauri, na koma rubuta komai a allo. Shekara biyu bayan haka ɗalibai ke neman a sa su a ajina, kuma da wannan bakin nawa na Zariya na kare digirin digirgir ɗina. Malamin da zai duba aikinka zai ce ka kira shi da sunansa kai tsaye. Harshenka zai yi nauyi, ka daure. Kuma "to, ranka ya daɗe" ba ta aiki a nan. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, in ba ka yarda ba ka kawo hujja.

Doka ta ba ka awa 20 a mako lokacin karatu, a cikin makaranta kaɗai, kuma aikin sashe yakan cinye su duka. Za ka haɗu da masu ce maka ka ari asusun wani ka riƙa kai abinci gida-gida da dare, wai kowa yana yi. Ranar da abin ya fashe, su suna da takardun zama, kai ne za ka tattara. Haka kuma a Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar da ake ba 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Zamanka ba zai lalace ba in ta ƙare, muddin takardarka ta I-20, wadda makaranta ta ba ka shaidar kai ɗalibinta ne, tana da rai kuma kana karatu, amma in ka fita sai ka sake neman wata kafin ka dawo. Ka gaya wa Hajiya tun yanzu cewa bikin ƙanwarka na Disamba a waya za ka gan shi.

Nawa za ka tura gida? Shekarar farko, babu. Na san an riga an buga albashinka da canjin naira a zaure, an raba. Ka bar ni da Baba, zan kira shi in yi masa bayani da kaina, ya fi jin maganata.

Ba a barin ka shigo sai saura kwana 30 ko ƙasa da haka a soma karatu, ranar tana jikin I-20 ɗinka. Ka yi ƙoƙari ka iso da mako biyu a hannu. Takardunka su kasance a jakar hannu. Kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama, ƙwacewa za su yi, in ka ɓoye kuma tara ce. Duk abin ci da ka riƙo ka faɗa musu. Turo mini lambar jirgi, ni zan zo in ɗauke ka, akwai kujera a falo ta mako biyu, ban ce wata biyu ba. Ka taho mini da kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin Hajiya, wanda na zo da shi ya ƙare tun azumi.