Ɗalibaina sun haddace present perfect, amma ba su san inda ake sa shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji a nan Damagaram. Na rubuta wa ɗalibaina ƙa'idar present perfect a allo, have ko has haɗe da siffa ta uku ta aikatau, sun haddace tsaf. Amma da na ba su rubutu sai in tarar da "I have seen him yesterday". Ga BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, ta ƙarato. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa wannan ɗawainiya. Kada ka ga laifin yaran. Da Faransanci suka yi firamare, sun saba da "je l'ai vu hier", wato "na gan shi jiya", wanda daidai ne a can. Da suka ga have ya yi kama da avoir, sai suka ɗauka passé composé, ginin da Faransanci ke faɗin abin da ya wuce da shi, ne ya canza riga. Ginin ɗaya ne, aikin ne daban, kuma ƙara musu hadda ba zai raba su da wannan ba.

Ni dai shawarata, ajiye Faransanci gefe ka shigo musu ta Hausa, domin kalmomin da kake nema suna bakinsu tun daga gida. Rubuta huɗu a allo: taɓa, riga, tukuna, tun. Ka tambayi yarinyar da ke bencin gaba, "Kin taɓa zuwa Kano?" Ba ranar tafiyar kake tambaya ba, rayuwarta kake dubawa daga haihuwa zuwa yau. Shi ne "Have you ever been to Kano?" In ta ce ba ta taɓa ba, ga "I have never been". "Na riga na ci" shi ne "I have already eaten", "bai zo ba tukuna" kuma "he hasn't come yet". A duk waɗannan ƙofar lokacin a buɗe take, maganar ta taɓo yanzu.

To in yarinyar ta ce ta taɓa zuwa, bi ta da "Yaushe?" Da ta ce bara, ko da Babbar Salla, ƙofa ta rufe: "I went last year." Wannan juyawar ita ce zuciyar darasin, kuma gara yaro ya ji ta a kunnensa sau ashirin da ya kwafe ta a littafi. Raba su bibbiyu, ɗaya ya tambaya da have you ever, in an ce e ya bi da when did you. Ko ajin ya cika maƙil ana iya yi, sai dai ka jure hayaniya. Ka kuma tuna musu cewa in ana jera labari, irin "sai muka tashi, sai suka biyo mu", simple past ne, irin na "I went", daga farko har ƙarshe.

Wurin da nake so ka fi daɗewa shi ne "tun", don a nan Hausa da Faransanci duka suna jan yaro zuwa kuskure. Muna cewa "ina zaune a Birni tun 2015", Bafaranshe ya ce "j'habite ici depuis 2015", sai yaro ya rubuta "I live here since 2015". Ingilishi ba ya karɓar haka, sai "I have lived here since 2015". Akwai misalin da nake ƙauna don daga tarihinmu yake. Garin nan, Damagaram (Zinder), shi ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai (Niamey) a 1926. Rubuta jimlolin biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: "Zinder was the capital until 1926" da "Niamey has been the capital since 1926". Shekarar ɗaya ce, amma na farko ya wuce, na biyu yana nan har yau. Bari su gano dalilin da kansu kafin ka buɗe baki. Daga nan since da for ba wuya: since na bin mafarin lokaci, for na bin tsawonsa, kamar "shekara goma ke nan".

Been da gone kuwa minti biyar ya ishe su. "Baba has gone to Maradi", ya tafi, ba ya gida. "Baba has been to Maradi", ya je ya dawo, ga shi nan a zaure.

Wani ɗalibi zai iya kawo maka "Did you eat yet?" da ya ji a fim. Kada ka ce masa ƙarya ne, mutanen Amurka suna faɗin haka a hira. Ka ce masa dai a takardar jarrabawa ya rubuta "Have you eaten yet?"