Amsa ga ƙanenmu na Zinder mai son jan wasan labari a Faransa

Ƙanenmu, saƙonka ya iso, muna amsa gaisuwa. Ka ce kana shekarar ƙarshe a Jami'ar André Salifou, kana neman gurbin karatu a Lyon, ka kuma ji ana neman masu aikin sa-kai a tarukan wasan labari na tebur, wanda Faransawa ke kira jeu de rôle. Kana son sanin ko ana biya, ko zai taimaka wajen biza, da abin da ake bukata kafin a ba mutum tebur ya ja wasa.

Ba a biya. Yawancin tarukan nan ƙungiyoyi ne ke shirya su, irin masu rajista ƙarƙashin dokar 1901, kuma ladan mai sa-kai bai wuce shiga kyauta ba, wani lokaci da riga da ɗan abin taɓawa. Kuɗin jirgin ƙasa da makwanci galibi daga aljihunka ne. Biza kuwa babu ruwanta da wasa, takardar karɓarka a jami'a da shaidar kuɗin zama su ke magana, kai ma ka san yadda hanyar ta ƙara tsawo tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka takardar gayyata ta mai sa-kai, ɗan damfara ne. Abu biyu dai na gefenka: tun da ba albashi, aikin ba ya cin komai daga awa 964 da aka yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin kuɗi a shekara, sannan tun 2017 doka ta ce jami'o'i su lissafa wa ɗalibi aikin sa-kai cikin karatunsa. Kowace jami'a da tsarinta, sai ka tambaya tun makonnin farko.

Mutanen gida za su tambaye ka wane irin wasa ne. Ka ce musu tatsuniya ce wadda masu sauraro ke ciki. Mutum ɗaya yana bayyana wuri da abin da ke faruwa, Faransawa na kiransa MJ, mu kuwa madugu muke ce masa, sauran kowa na riƙe da jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. In abin yana da haɗari sai a jefa dayis irin na lido, lambar da ta fito ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cinye wani, saboda haka ba caca ba ce. Ka fara da wannan bayanin, don da tsoho ya ga dayis can hankalinsa ke tafiya. Wasan a siffarsa ta yau ya fara ne da Dungeons & Dragons a 1974, amma taron ya girme shi: Gen Con ya soma a 1968 a Lake Geneva ta jihar Wisconsin a Amurka, ya koma Indiyanafolis a 2003, yanzu mahalartansa sun haura 70,000. A Faransa babban biki shi ne na Cannes a ƙarshen Fabrairu, a Jamus na Essen a Oktoba, wanda ya fi kama da kasuwar wasannin kwali. Ba can za ka fara ba. A Lyon akwai OctoGônes cikin Oktoba, ƙasa da shi kuma akwai ƙananan taruka na kulob-kulob da na ɗalibai, tebur goma ko goma sha biyar, inda ake murna da sabon hannu.

Ƙofar shiga kulob ce. A farkon Satumba garuruwan Faransa na yin ranar baje kolin ƙungiyoyi, can za ka same su. Ka biya kuɗin shiga na shekara, ka zauna a teburin wasu sau uku ko huɗu kana ɗan wasa. A taronka na farko ka nemi aikin tarbar mutane ko jera kujeru, a nan ake ganin yadda kayan ke tafiya. Neman madugai kuwa ana buɗe shi watanni kafin ranar taron, a ba ka takarda ka cika: sunan labari, tsarin dokar da za ka bi, yawan ƴan wasa, tsawon lokaci, mafi ƙarancin shekaru, ko sababbi na iya zama, da bayani layi uku ko huɗu. Layukan nan su ke cika tebur. Ka faɗi su wane ne jaruman, me ya taso musu, kuma wasan na dariya ne ko na tsoro ko na bincike. Wanda ya zuba tarihin daula shekara dubu a wurin zai kwana da kujeru.

Inda sababbi ke faɗuwa shi ne lokaci. An ba ka awa huɗu, amma ba awa huɗu gare ka ba. Minti 15 na tafiya wajen jiran makararru da zama, 20 wajen raba jarumai da bayanin doka, 10 hutu a tsakiya, 15 na ƙarshe don rufe labari da kwashe kaya, tun da wani madugu na tsaye yana jiran teburin. Abin da ya rage awa uku ne. Yanzu ka lissafa faɗa: ƴan wasa biyar, kowa minti biyu, kai da abokan gaba minti biyar, zagaye guda ya ci minti 15, faɗa mai zagaye uku ya ci 45. Faɗa biyu ke nan sun kwashe rabin wasanka. Shi ya sa labarin taro ba ya wuce fage huɗu ko biyar, kuma tun a gida kake sa alama a kan fage ɗaya na tsakiya wanda za a iya cirewa labarin bai karye ba. Ka aje agogo a gabanka. In saura minti 45 ba a kama hanyar ƙarshe ba, ka kawo ƙarshen wurinsu: ɓarawon da suke nema shi ya faɗo musu, ƙofar da suka kasa buɗewa a buɗe ta daga ciki. Ɗan wasa na yafe fagen da bai san an cire ba, amma ba ya yafe a tashe shi labari na rataye, don gobe ba za ku sake haɗuwa ba. Akwai kuma gajeren zama na awa ɗaya ko ɗaya da rabi don masu ɗanɗanawa, fage biyu sun ishe shi, kuma shi muka fi so ka fara nema.

Kada ka bari a ƙirƙiri jarumai a tebur, awa guda ce za ta salwanta. Ka zo da su a shirye, in kujera biyar ce ka kawo shida ko bakwai don na ƙarshe ma ya samu zaɓi, kowanne kwafi biyu saboda kofin shayi na zubewa. Shafi ɗaya ya isa: suna, abin da ya iya, abin da yake tsoro, da layi ɗaya mai ɗaure shi da wani jarumin, kamar a ce yana binsa bashi. Wannan layin ke sa baƙin juna su fara magana. Ka bar suna biyu, na mace da na namiji, mai wasa ya zaɓa. Sauran kaya: dayis saiti biyu ko uku, cikakken saiti guda bakwai ne, mai fuska 4, 6, 8, 12, 20 da masu fuska 10 guda biyu, ana samunsa wajen yuro 10, jaka shida da rabi ke nan na sefa. Fensir shida da abin gogewa, katin da ake naɗewa kowa ya rubuta sunan jaruminsa ya kafa a gabansa, dokokin a taƙaice shafi guda a tsakiyar tebur, da gorar ruwa. Labarin ka buga shi a takarda, intanet na zauren da mutum dubu ke ciki ba abin dogaro ba ne.

Ruwan nan ba ado ba ne. Tebur ashirin a zaure ɗaya hayaniyarsu ta kai ta kasuwar Dole, madugun da ya biye mata da ihu muryarsa ba ta kai la'asar. Ka zauna a tsakiyar dogon gefen tebur, ba a kansa ba, ka miƙe tsaye a fagen da ya yi zafi, kuma kada ka karɓi fiye da zama biyu a rana.

Sai mutane. Wasu sun yi rajista ba za su zo ba, don haka labarin ya zama mai tafiya da mutum uku kamar yadda yake tafiya da shida, kuma kada ka ɗora mabuɗinsa a kan jarumi ɗaya. Bayan minti 10 ko 15 ka sanar da masu tarba su turo daga jerin masu jira. A kowane tebur akwai mai cika baki da mai shiru. Ba a tsawata wa na farko, ana juyawa ne ga na biyu da sunan jaruminsa: kai fa, me kake yi a lokacin nan? Mai gardamar doka ka ce masa yau ga hukunci, a duba littafi a hutu. Da yake ba ka san abin da kowa ya taɓa gani a rayuwarsa ba, ana aje kati mai alamar X a tsakiyar tebur, wanda wani abu ya dame shi ya taɓa, a tsallake wurin ba tare da tambayarsa dalili ba. Ka bayyana shi tun farko, minti ɗaya ne. In akwai yara, ka tambayi masu shiri ƙa'idarsu, kuma kada ka keɓe da yaro ko na minti biyu.

Faransancinka na makaranta ya isa, saurin nasu da kalmomin titi ne za su ba ka wuya a watannin farko. In ba ka ji ba ka ce a maimaita, ba abin kunya ba ne. Ka rubuta jimlolin buɗe kowane fage tukuna, sauran ya zo da kansa.

Abin da za ka kawo wanda babu mai shi a zauren shi ne gida. Sun ƙoshi da dodanni da manyan gidajen dutse. Ka ba su Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun, ganuwar Birni da fatake a Zongo: dare ɗaya ya rage ayari ya tashi zuwa Agadas, wasiƙar da za a kai ta ɓace, ga falke, maharbi, maroƙi, ɗan tauri da mai magani dole su nemo ta kafin asuba. Asubar ita ce agogonka, ta cikin labari da ta waje sun zama ɗaya. Sunaye su zama gajeru, kalmomin Hausa kada su wuce biyar, a rubuce a kati. Kada ka mai da wata ƙabila miyagu, kada ka sa addini cikin abin da dayis zai yanke, kada kuma ka koma malamin tarihi. In sun so ƙarin bayani za su tare ka bayan wasa.

Salla da abinci tun a takardar rajista ake gyara su. Ka zaɓi zaman da bai haɗiye azahar da la'asar ba, ko ka daidaita hutun tsakiya da lokacin. A hunturu magariba na yi wajen ƙarfe biyar, ka lissafa da ita. Sanwicin masu sa-kai sau da yawa da naman alade ne, ka rubuta abin da ba ka ci, ko ka zaɓi marar nama. Zaman dare na iya kai tsakar dare, ka duba jirgin ƙarshe kafin ka amsa. In kuma wani uzuri ya taso, ka sanar da wuri. Masu shiri na aje madugu ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, amma wanda ya ɓace ba labari ya bar mutum biyar zaune, ba a sake kiransa.

Kafin ka taso, ga fadarku nan. Dayis biyu na lido sun isa: a jefa a haɗa, 7 zuwa sama an yi nasara, wanda ke faruwa sau 21 cikin 36, in kuma jarumin gwanin abin ne a ƙara masa 1. Ka ja labarin ayarin sau uku da mutane daban-daban, agogo a gabanka, ka rubuta minti nawa kowane fage ya ci da inda hankalinsu ya koma kan shayi. Na ukun ka ja shi da Faransanci zalla. Abin da ya rage bayan yankan sai ka buga, ka sa cikin jaka tare da takardun makaranta.

A gaida su Baba da mutanen Birni.